Ƙofar gidan shafin intanet: yadda ake nuna wa baƙo hanyar shiga

Tun ranar 26 ga watan Maris na 2025 da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan sauyi ya jawo wata tambaya ga duk mai gina shafin intanet, tun daga ma'aikatun Yamai har zuwa ƙungiyar manoman rake a Matameye: idan mutum ya rubuta adireshin shafin kawai, bai ƙara komai ba, me zai fara gani, kuma da wane harshe? Amsar tana cikin abin da masu sana'ar ke kira tsarin hanyoyi.

Adireshin intanet kashi biyu ne. Na farko sunan gida, wanda a Nijar yakan ƙare da .ne. Na biyu shi ne abin da ke biyo bayan sandar nan /, kamar /farashi/ ko /labarai/. Sunan gida yana kai buƙatar mai karatu ga uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye shafin. Daga nan sai tsarin hanyoyi ya duba kashi na biyu, ya miƙa baƙon ga ɗakin da ya dace, kamar yadda yaron tasha ke nuna wa fasinja motar Damagaram ko ta Daura. Shafin farko shi ne wanda ba shi da komai bayan sandar.

Mu ɗauki Django, kayan ginin shafuka da aka rubuta da harshen Python. An ƙirƙiro shi a gidan wata jarida, Lawrence Journal-World, a jahar Kansas ta Amurka, aka sake shi kyauta a 2005. A cikinsa akwai fayil mai suna urls.py, wanda ke ɗauke da jerin hanyoyi. Layin ƙofar gida ga shi:

path("", views.gida, name="gida")

Alamomin nan biyu da babu komai a tsakaninsu na nufin adireshi tsirara. Kalmar views.gida ita ce aikin da zai haɗa shafin, name kuma laƙabi ne da sauran shafuka za su riƙa kiran ƙofar da shi, ko da an sauya adireshi daga baya. Wannan salon rubutu na path ya zo ne da Django 2.0 a watan Disamba na 2017, shi ya sa tsofaffin darussa ke nuna wani salo dabam. A Laravel, na harshen PHP, ana rubuta sandar / a maimakon gurbi, amma manufar ɗaya ce.

Django na karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya a layin farko da ya dace. Idan babu ko ɗaya, sai ya mayar da lamba 404, ma'ana ba a samu ba. Nan ne sababbin hannu ke faɗawa: su gina /farashi/ da /labarai/, su manta da ƙofar gida. Ɗan kasuwar Kano da aka ba adireshin a takarda zai ga 404, ya ɗauka ƙungiyar ta rufe. Abin ya fi muni idan an bar DEBUG a kunne bayan an ɗora shafin, domin shafin kuskuren zai baje wa kowa jerin hanyoyin duka, har da ta wurin masu gudanarwa.

Sai batun harshe. Django na da i18n_patterns, wanda ke maƙala /ha/ ko /fr/ a gaban kowane adireshi. Idan baƙo ya zo ƙofar gida, tsarin kan duba harshen da burauzarsa ke nema, ya tura shi can. Matsalar ita ce wayar da aka saita da faransanci za ta kai mai ita /fr/, ko da Hausa ya fi iya karantawa. Maganin shi ne a sa LANGUAGE_CODE ya zama ha, a shigar da Hausa cikin jerin LANGUAGES tare da fayil ɗin fassararta, sannan a rubuta prefix_default_language=False. Da haka adireshi tsirara zai buɗe da Hausa kai tsaye, faransanci ya koma /fr/, a sa masa maɓalli a sama.

Wannan zaɓi na da wata riba. Kowace turawa daga adireshi zuwa wani na nufin wayar ta sake aika buƙata, kuma a ƙauyukan Kance inda rezo ke da rauni, wannan ɗan jinkirin kan isa mutum ya haƙura. Idan turawar ta zama dole, a fara da lamba 302 ta wucin gadi, domin 301 ta dindindin ce, burauza na riƙe ta, gyaranta daga baya na da wuya.

Kafin ƙungiya ko magajin gari su biya mai gini cikon kuɗinsa, su ari waya biyu, ɗaya mai faransanci ɗaya mai ingilishi, su rubuta sunan shafin kawai. Su kuma gwada adireshin da babu shi. Idan ƙofar ta buɗe da harshen da aka yi yarjejeniya a kai, shafin kuskure kuma bai tona jerin hanyoyi ba, to an yi aikin ƙofar yadda ya kamata.