Kayan ciki a kwaikwayon tarihi

Kayan ciki a kwaikwayon tarihi su ne tufafin da masu kwaikwayon rayuwar mutanen da suke sawa a ƙarƙashin rigunan da ake gani. Harkar ta fi ƙarfi a Turai da Amurka, a ƙungiyoyi irin su Sealed Knot, wadda aka kafa a Ingila a 1968 domin kwaikwayon yaƙin basasar ƙasar na ƙarni na 17. 'Yan kallo ba sa ganin waɗannan kaya, amma su ke ba rigar waje siffarta. Saboda haka a kan fara tsayar da shekarun da za a kwaikwaya da matsayin mutumin, a ɗinka kayan ciki, sannan tela ya yi awon rigar waje a kansu.

Shimi

Tun tsakiyar zamanai har ƙarni na 19, abin da ke taɓa fata a Turai shi ne doguwar shimi ta lilin ga mata, ko taguwar lilin ga maza. Aikinta shan gumi. Ita ake wankewa a kai a kai, domin rigunan ulu da siliki masu tsada ba sa jure yawan wanki. Auduga ta yaɗu sosai ne a ƙarni na 19, bayan masaƙu sun sa ta yi araha. Kafin wannan ƙarni yawancin matan Ingila ba sa sa wandon ciki, sai dai fatari a kan shimi.

Koset

A nan aka fi yin kuskure, domin kowane zamani da siffarsa. Rigar matse jiki ta ƙarni na 18 tana miƙar da gangar jiki, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa kamar mazurari. A farkon shekarun 1800 ƙugun riga ya koma ƙarƙashin ƙirji. A tsakiyar ƙarnin kuma aka koma ga koset mai fito da ƙirji da kwatangwalo. Idan aka ɗora rigar 1770 a kan koset na 1860, ɗinkin zai tattare a gaba, kuma duk wanda ya san harkar zai gane daga nesa.

A da ana ƙarfafa koset da wani abu mai lanƙwasuwa da ake cirowa daga bakin wel, ƙatuwar dabbar teku. An dakatar da farautarta don kasuwanci a yawancin ƙasashe tun 1986, kuma yau ana amfani da roba mai kama da shi, ko siraran ƙarafa, ko karan fadama, wanda shi ma tsohon abu ne a wannan sana'a. Ramukan zura igiya na ƙarfe sun bayyana ne a shekarun 1820; ga zamanin da ya gabaci haka, da allura da zare ake dajiye su. Ana sa koset a kan shimi, kuma wanda aka yi daidai da jiki yana tallafe baya ba tare da hana numfashi ba. Teloli da yawa na ɗaukar zanen yanka daga littafin Norah Waugh, Corsets and Crinolines, na 1954.

Buɗa siket

Kirinolin, wato kejin zobban ƙarfe mai buɗa siket, ya shigo a 1856, don haka ya dace da masu kwaikwayon yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. A shekarun 1870 da 1880 tudun ya koma baya kawai. A kan rufe kejin da fatari don kada shatin zobban ya fito.

Haɗarin wuta

A sansanonin kwaikwayo ana girki da itace, ana kunna kyandir. Yadin foliyesta yana narkewa ya manne wa fata, ga riƙe zafi a rana. Lilin da auduga suna ci da wuta amma ba sa narkewa, ulu kuwa ba ya saurin kamawa, shi ya sa mata masu aiki a bakin murhu kan zaɓi fatarin ulu su ajiye kirinolin.