Yadda Ake Tsallakar da Furen Jeraniyom Daga Sanyin Ingila

Duk wanda ya zaga unguwannin Ingila a watan Yuni zai ga furen jeraniyom, ja da fari da ruwan hoda, jere a bakin tagogi. Aikin wannan ado tun kaka ake fara shi, tsakanin Satumba da Nuwamba.

Asalin furen daga Afirka ta Kudu ne, kuma a ƙarni na 17 aka kai shi Turai. Ya saba da rana da ƙarancin ruwa, amma ba ya jure sanyin da ke daskarar da raɓa. Dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya kashe shi. Shi ya sa masu lambu ke kwashe shi kafin ƙarshen Oktoba.

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, a rage tsawon rassan da kusan rabi, a cire busassun ganye, a shigar da tukunyar ɗaki mai haske wanda ɗuminsa ke tsakanin digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos. Ta biyu, a yanki ɗanyen reshe mai tsawon santimita 10 daga ƙasan gaɓa, a zage ganyen ƙasa, a kafa shi a ƙasa mai yashi, kamar yadda ake dasa rogo. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Ta uku ta marasa wuri ce: a tuge shukar, a kakkaɓe ƙasar, a sa ta a jakar takarda, a ajiye a wuri mai ɗan sanyi marar danshi, inda sanyin bai kai na daskarar da raɓa ba.

A cikin ɗaki kuwa, yawan ban ruwa ne babban makashinsa. Tushensa mai kauri na riƙe ruwa, ga shi girmansa ya ragu ƙwarai a hunturu, don haka ƙasa mai jiƙa sai ta ruɓar da saiwa, fumfuna kuma ta kama ganye. Kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe, kada a sa taki, a kuma bar iska tana ratsawa tsakanin tukwane.

Sauran lambun ma na da nasa aiki. Ana share ganyen da ya zuba a tara shi ya zama taki, a lulluɓe gindin itatuwa da ruɓaɓɓen taki, sannan a binne dunƙulen saiwar furen dafodil a Satumba, na tulif a Nuwamba, domin sai sun sha sanyi suke fure da kyau.

Idan Maris ya kama, a sake wa jeraniyom ƙasa, a datse matattun rassa, a ƙara ruwa sannu a hankali. Amma kada a yi gaggawar fitar da shi, don sanyin dare kan dawo har cikin Mayu. A riƙa fito da shi da rana, a mayar da shi ciki da dare, na kamar mako biyu, sai a dasa shi waje a ƙarshen watan.