Tsohuwar Cokto, Rumbun Tarihin Kabilarta

A Amurka akwai wata kabila ta ainihin mutanen ƙasar, ana ce musu Cokto, su kuwa suna kiran kansu Cahta. A al'adarsu ta asali ta wajen uwa ake ƙidayar dangantaka, saboda haka kaka, wadda suke kira Pokni, ita ce ginshiƙin gida. Tsofaffin da aka haifa wajen shekara ta 1920 sun kusa ƙarewa, ya kamata a tuna da irin zaman da ɗayarsu ta yi.

Tun tana ƙarama ta ji labarin ƙaura a bakin manya. A 1830 aka tilasta wa kabilar yarjejeniyar barin ƙasarsu ta Misisifi. Daga 1831 zuwa 1833 aka kwashe su zuwa yamma, tafiyar wajen mil 500, sanyi da yunwa da annoba suka hallaka dubbai. Inda suka sauka shi ne Oklahoma, ma'anarsa da harshensu jajayen mutane. Duk da wannan musiba, a 1847 da suka ji yunwa na kashe mutanen Ailan, sai suka tara dala 170 suka aika musu. Da irin wannan labari aka yi mata tarbiyya.

Da ta isa karatu, 'yan mata da yawa makarantar kwana ake kai su, irin ta Wilok wadda aka rufe a 1955. A irin waɗannan makarantu akan hana yaro magana da harshen iyayensa. Amma majami'a ta zama mafaka, domin tun kafin ƙaura 'yan mishan irin su Alfired Rait da Sairas Bayintan suka rubuta harshen, aka yi littafin waƙoƙin ibada da shi. A kan addinin Kirista ta rayu, ba ta fashin Lahadi. Ranar babban taro ita ce a bakin murhu tun asuba, tana ƙulla banaha, watau kwaɓin garin masara da ake naɗewa cikin ɓawonta a dafa, domin kada baƙo ya koma da yunwa.

Haka ta ga jika, ta ga tattaɓa-kunne, tana rera musu waƙoƙin nan. Da yawansu Turanci kaɗai suke ji, amma baitocin sun zauna musu a ka, da su kuma suke raka irinta zuwa kabari.

Alhasali, masu jin harshen sosai sun ƙaranta, yawancinsu tsofaffi ne, shi ya sa hukumar kabilar ta buɗe azuzuwan koyar da shi. Wanda ke da tsohuwa a gida, ya zauna kusa da ita ya yi tambaya tun tana iya amsawa.