Bege da Zaƙin Rabuwa a Ibadar Mabiya Hindu

A cikin ɗarikun addinin Hindu da ke bauta wa Kirishna akwai wata fahimta da ake kira biraha, wato raɗaɗin rabuwa da abin ƙauna. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce bege. A wurinsu wannan baƙin ciki ba cuta ba ce da ake neman maganinta; baiwa ce, kuma shi ne ƙololuwar ibada.

Tushen fahimtar yana cikin kashi na goma na littafin Bagabata Purana. An ruwaito cewa Kirishna ya tashi a tsakanin makiyaya a Birindaban, daga baya ya koma birnin Matura, ya bar matan makiyayan, waɗanda ake kira gofi, cikin kuka. Sai ya aiko musu da amininsa Uddaba domin ya lallashe su da ilimi. Da manzon ya ga yadda rashin Kirishna ya sa ba su da wani tunani dare da rana sai nasa, shi da ya zo koyarwa sai ya koma yana burin zama ciyawar da ƙurar ƙafafunsu za ta taɓa. Hujjar ke nan: wanda ke tare da masoyinsa yana ganin sa a wuri ɗaya, wanda aka raba su kuwa yana ganin sa a ko'ina.

Malamin da ya fi yaɗa wannan tafarki shi ne Caitaniya, wanda aka haifa a Nabadwif ta ƙasar Bengal a 1486. Ya ƙare rayuwarsa a garin Puri yana kuka da waƙe, yana ɗaukar kansa a matsayin Rada, babbar masoyiyar Kirishna. Marubucin tarihinsa, Kirishnadasa Kabiraja, ya kwatanta wannan hali da tauna rake mai zafi, wanda ke ƙona baki amma zaƙinsa ya hana a tofar. Almajirinsa Rupa Goswami kuwa ya tsara abin a matsayin ilimi, inda ya raba ƙauna gida biyu, saduwa da rabuwa, ya kuma nuna cewa ta farko ba ta cika sai da ta biyu.

Sai dai malamansu sun yi togaciya. Ba kowane baƙin ciki ne ke da wannan zaƙi ba. Wanda ke kukan dukiya ko matsayi kansa yake yi wa kuka. Biraha kuwa sai an manta da kai, abin bauta kaɗai ya rage a zuci.