Asalin Kalmar "Teenager" da Ma'anarta

Kalmar da za mu duba a yau ita ce "teenager", sunan da masu magana da Ingilishi ke kiran yaro ko yarinya da shi daga shekara 13 zuwa 19 da haihuwa. Wannan iyaka daga ƙidaya ta samo asali. A Ingilishi, sunayen lambobi daga 13 zuwa 19 duk suna ƙarewa da "teen", wanda tushensa ɗaya ne da "ten", watau goma. To, 11 da 12 suna da nasu sunaye dabam, saboda haka ɗan shekara 12 bai shiga lissafin ba, ko da kuwa ya balaga. Da a ce da Hausa aka ƙirƙiro kalmar, da shi ma ya shiga, tun da mu "sha" muke cewa tun daga goma sha ɗaya.

Tun ƙarni na 17 Turawan Ingila ke kiran waɗannan shekaru "teens". Amma "teenager" ba ta bazu ba sai a shekarun 1940, a Amurka, kuma akwai dalili. Karayar arzikin da ta faro a 1929 ta sa aiki ya gagari magidanta ma, balle yara. Sannan a 1938 aka kafa dokar tarayya da ta taƙaita ɗaukar yara aiki a masana'antu. Sai samari da 'yan mata suka taru a makarantun sakandare, suna wuni da tsararsu, har suka fito da nasu salon tufafi da kiɗa da magana. 'Yan kasuwa kuwa, da ba sa barci, suka ga sababbin masu saye. A 1944 mujallar Seventeen ta fito musamman don 'yan mata.

Ga inda abin ya shafi ma'aikatanmu masu fassara. Saurayi da budurwa, rashin aure ne ya ba su sunan, don haka yarinya 'yar shekara 18 da ke ɗakin mijinta ta fita daga 'yan mata, alhali a Ingilishi tana nan "teenager". Matashi kuma yana iya kai shekara 30 ana kiransa haka. A ganina, in takardar gwamnati ce, gara mai fassara ya rubuta "masu shekara 13 zuwa 19" a fili.