Shin Ko Kun San? Borin Jini Na Iya Tasowa Daga Cikin Ciki!

Shin ko kun san ƙaiƙayin da ke hana mutum runtsawa, wani lokaci saiwarsa ba a fata take ba, tana can cikin ciki? To ku gyara zama!

Kusan mutum 1 cikin 5 zai taɓa yin borin jini a rayuwarsa. Fata ta yi rudu-rudu, a yi ta susa. Abin mamaki, kowane kumburi kan ɓace cikin awa 24, wani ya ɓullo a wani wurin! In ya wuce mako 6 yana zuwa yana komawa, ya zama mai naci. Shi kan kama kusan mutum 1 cikin 100, kuma mata sun ninka maza.

A Gadarif, garin riɗi da dawa na gabashin Sudan inda Hausawa suka daɗe da zama, ko a Kano, da fata ta tashi sai a zargi abinci: ƙwai ne, kifi ne, riɗi ne. Kun san me? Ba kasafai abinci ke jawo mai nacin ba!

Ga wadda ake zargi: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda mutanen Sudan ke kira jarsuma. Ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. A murɗe take, da 'yan wutsiyoyi da take iyo da su. Sai an jera sama da 300 kafin su cika milimita 1!

Ina take zaune? Cikin ruwan asid ɗin da ke narka nama! Takan fitar da sinadarin amoniya ta kashe kaifinsa, ta lafe a majinar bangon ciki shekara da shekaru.

Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma Afirka ce kan gaba. Yawanci tun ƙuruciya ake ɗauka, ta yawu, gurɓataccen ruwa da cunkoso. Ku tuna ɗimbin jama'ar da yaƙin Sudan na 2023 ya koro zuwa Gadarif, a cushe cikin makarantu da sansanoni, ga ƙarancin ruwa!

Tsohuwar ƙwayar cuta ce fa! An same ta a cikin gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana shekara 5,300 a tsaunukan Turai.

Ku ji wannan! A 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ƙwayoyin da kansa, cikin kwanaki ciwon ciki ya kama shi! A 2005 suka karɓi lambar yabo ta Nobel.

To ina haɗinta da fata? Masana na ganin tana tsokanar garkuwar jiki, ita kuma ta sa wasu ƙwayoyin fata su tsiyayo da sinadarin histamin, mai kumburi da ƙaiƙayi. An ga waɗanda borin jininsu ya lafa bayan an kashe ta a ciki! Wasu kuwa bai lafa ba, shi ya sa har yau likitoci ke muhawara.

Gwajin fa? Ba wuya: bayan gida, ko numfashi kawai! Maganin kwana 10 zuwa 14 ne, haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage asid, kuma dole a shanye. Ko ba don fata ba, tun 1994 aka sa ta cikin masu jawo kansar ciki.

Don haka mai fama da borin jini mai naci, ga kuma zafin ciki, ya je asibiti ya nemi gwajin. In kuwa leɓe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, a garzaya nan take. Ku sanar da 'yan uwa!