Yadda Ƙwan Ƙuda Ke Sanin Bayansa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tambuwal ko Kebbe lokacin mangwaro ya san 'yan ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa kan ruɓaɓɓe. Tsawon ƙwansu rabin milimita ne, amma tun yana cikin uwa ake shata inda bayan tsutsa zai kasance. A 1987 Trudi Schüpbach ta nuna cewa ƙwan yakan aika saƙo ga ƙwayoyin halittar da ke kewaye da shi. Sinadarin saƙon, wato Gurken, a gefe guda yake taruwa, kuma gefen ne ke zama baya. In ya ɓace ko ya bazu ko'ina, tsutsa ba ta ƙyanƙyashewa. Jikin ɗan'adam ma yana da irin sinadarin da ke karɓar wannan saƙo. Idan ya ƙi lafawa, yakan jawo ciwon daji.